Ƙafar Mai Ciwon Suga: Kulawar Yau da Kullum da Yadda Ake Amfani da Takalman Tallafi

Yawancin ƙafafun da ake yankewa saboda ciwon suga ba da wani babban ciwo suka fara ba. Ƙaya ce, ko bororon sabon takalmi, ko faso a dunduniya, ko reza da ta zarce wajen yankan farce. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su mayar da ƙaramin rauni gyambo. Idan suga ya daɗe yana hawa, yakan lalata jijiyoyin da ke sanar da mutum zafi, har ya taka ƙusa ya wuni da ita bai sani ba. Hanyoyin jinin ƙafa kuma suna ƙanƙancewa, ciwo ya rasa jinin da zai warkar da shi. Ga shi garkuwar jiki ta yi rauni, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon suga za su gamu da gyambon ƙafa a tsawon rayuwarsu, kuma a cikin waɗanda nasu ya warke, kusan kashi 40 yakan dawo musu kafin shekara ta zagayo.

Duk abin da za a faɗa a nan ya rataya ne a kan abu biyu. Ƙafar da ta daina jin zafi, ido ne zai yi mata gadi. Ciwon tafin ƙafa kuwa ba ya warkewa matuƙar ana takawa a kansa, komai tsadar maganin da ake shafawa.

A fara da sanin halin da ƙafar take ciki

Wasu suna jin alamun lalacewar jijiya: raɗaɗi da dare kamar an zuba barkono, tsira-tsira, ko silifas ya zame mutum ya yi gaba bai lura ba. Wasu da yawa ba sa jin komai, kuma su ne suka fi shiga haɗari, domin gani suke lafiyarsu ƙalau.

Akwai gwajin gida da likitocin asibitin Ipswich a Ingila suka fito da shi, ba ya buƙatar kayan aiki. Mai ciwon ya kwanta ya rufe ido. Wani ya ɗora kan ɗan yatsansa a hankali, na daƙiƙa 1 zuwa 2, a kan babban yatsan ƙafa, da na tsakiya, da ɗan ƙaramin, a ƙafafu biyun. Ba dannawa, ba sosawa, taɓawa kawai. Wuri shida ke nan. Idan bai ji biyu ko fiye ba, a ɗauka jin ƙafar ya ragu, a je asibiti a tabbatar. A can suna amfani da wani siririn zaren roba da ke lanƙwashewa idan nauyin da ke kansa ya kai giram 10, sannan su laluba bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu ta ciki.

Matsalar jini tana da nata alamun: ciwon sha-raɓa da ke tasowa idan an yi 'yar tafiya ya kuma lafa idan an tsaya, ƙafa mai sanyi, gashin ƙwauri ya zube, ko ciwon yatsu da dare wanda sai an sauko da ƙafar daga gado yake sauƙi.

Sakamakon ne zai nuna yawan zuwa dubiya. Wanda jinsa da jininsa suke daidai, sau ɗaya a shekara ya wadatar. Wanda ɗaya ya taɓu, duk wata 6 zuwa 12. Idan biyun ne, ko kuma ɗaya ya taɓu ƙafar kuma ta sauya siffa, duk wata 3 zuwa 6. Wanda ya taɓa yin gyambo, ko aka taɓa cire masa yatsa, ko yake wankin ƙoda, duk wata 1 zuwa 3.

Dubawar kullum

Mai salla yana wanke ƙafa sau da yawa a yini, saboda haka ba sai an ƙirƙiro wani sabon lokaci ba. A zaɓi alwala ɗaya ta rana, Azahar ko La'asar, lokacin da haske ya wadata, a zauna a kan kujera a duba ƙafar da gaske. A fara da saman ƙafa, a buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, a duba farce, gefe da gefe, dunduniya, sannan tafin. Wanda ƙiba ko ciwon baya ba zai bar shi ya ga tafin ba, ya ajiye madubi a ƙasa, ko ya ɗauki hoto da waya. Wanda idonsa ya raunana, kuma suga yana taɓa ido, ya ɗora wa wani a gida wannan aiki, a san cewa nasa ne kullum.

Abin da ake nema shi ne yanka, bororo, faso, ja, kumburi, farin laushi na cin ruwa, da wurin da ya fi sauran ɗumi. A kula da kanta sosai. A ƙafar mai suga, kanta alama ce ta inda nauyi ya taru. Idan aka ga ɗigon baƙi ko ja-ja a cikinta, jini ne ya kwanta a ƙarƙashi, kuma sau da yawa ciwo ya riga ya buɗe a ciki, fatar sama ce kawai ta rufe shi. Masu yawan zaman tahiya su duba idon sawun hagu ta waje da saman ƙafa, nan ma kanta kan fito.

Lalle yana ɓoye launin fata, baƙin da ake haɗawa da dayis kuma yakan ƙona ta. Ƙunshin da ake kwana da shi a leda yana jiƙa tsakanin yatsu. A ganina, matar da jin ƙafarta ya ragu ta bar lallenta a hannu ya fi mata.

Wanki, mai da farce

A wanke ƙafa kullum da sabulu mara ƙarfi da ruwa mai ɗan ɗumi, ƙasa da digiri 37. Da gwiwar hannu ake gwada zafin ruwan, ba da ƙafa ba, ba ma da tafin hannu ba, don shi ma jinsa kan ragu. Kada a jiƙa ƙafa cikin roba na tsawon lokaci. Bayan kowace alwala a tsane ruwan da ɗan tawul mai laushi, musamman tsakanin yatsu. Wannan ƙaramin tawul a aljihu yana taimakawa sosai wajen hana cin ruwa.

Jijiyoyin da suka lalace suna rage gumin ƙafa, shi ya sa take bushewa ta tsage, balle da hunturu. A shafa man kaɗanya ko basilin a sama da tafi da dunduniya, safe da dare. Tsakanin yatsu kuwa a bar shi a bushe.

Farce ana yanke shi ne bayan wanka, a miƙe, ba tare da shiga kusurwa ba, sannan a goge kaifin. Ba reza, ba wuƙa, ba masu yawon yankan farce da almakashinsu ɗaya na kowa da kowa. Kanta da kaushi mai kauri aikin ma'aikacin lafiya ne. Magungunan cire kanta da ake sayarwa a kyamis suna ɗauke da sinadari mai cin fata, ba na mai suga ba ne.

Zafi da sauran abubuwan da ba a zato

Ƙuna tana cikin manyan hanyoyin da gyambo ke farawa a ƙasarmu. Da sanyi, mutum ya miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi barci ya ɗauke shi. Da bazara, ya cire takalmi ya taka simintin harabar masallaci da ranar Juma'a, ya dawo gida tafin ya saluɓe. A kan babur, ƙwauri ya jingina da salansa. Maganin sanyi safa ce. Maganin siminti mai zafi kuma shi ne a riƙe takalmi a jaka har bakin shimfiɗa, a shiga da safa mai kauri. Maniyyata su riƙe wannan da kyau, domin alhazai masu suga da takalmansu suka ɓata a cunkoso sukan ƙone tafin ƙafa a kan ƙasa mai zafi. A tafi da takalmi na biyu.

Akwai kuma ɓera. Yakan ciji yatsun mai barcin da ba ya ji, sai da safe a ga jini a zanin gado. Inda ake da ɓeraye, a kwana da safa cikin gidan sauro da aka soke gefensa.

Takalmi

Ba a tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida, ko zuwa banɗaki da dare. Silifas mai igiya tsakanin yatsu yana goge fata, ƙaya na huda shi, kuma bai rufe komai ba. Takalmin roba yana tara gumi. Abin da ake so shi ne rufaffen takalmi mai faɗin gaba, mai zurfin da yatsu ba za su taɓa rufinsa ba, mai kaurin ƙasa, mai laushin ciki, wanda ake ɗaurewa da igiya ko maɗauri mai mannewa. Kambas mai kyau ya cika yawancin waɗannan sharuɗɗa. Wanda zafi ya dame shi ya nemi sandal mai maɗauri a dunduniya da rufaffen gaba.

Tunda ƙafar ba za ta faɗi gaskiya a kan matsi ba, ga dabara. A tsaya a kan kwali da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, wani ya zagaye ta da biro, a yanke siffar da almakashi a tafi da ita kasuwa. A zura kwalin cikin takalmin. Idan ya fito gefensa a lanƙwashe, to nan ne takalmin zai ci ƙafa. Tsawon cikinsa ya ɗara ƙafar da santimita 1 zuwa 2. Kowace ƙafa da nata kwalin, don ba lallai su zo daidai ba.

Sabon takalmi awa ɗaya ko biyu ake fara sa shi, a cire a duba ko ya bar ja, a riƙa ƙarawa a hankali. Ranar Idi ko ranar biki ba ranar gwada sabon takalmi ba ce. Kafin a sa kowane takalmi a zazzage shi, a zura hannu a laluba: tsakuwa, ƙusar da ta ɓullo, ɗinkin da ya tashi, kunama. Safa ta zama ta auduga, mara matse ƙwauri, a canja ta kullum, kuma fara ta fi, don ɗigon jini ko ruwa a jikinta yakan zama labarin farko da ake samu. Idan ɗinkinta na da kauri a juya bayanta.

Idan ciwo ya fito

A wanke da ruwan da aka tafasa ya huce ko ruwan gishirin asibiti, a rufe da bandeji mai tsabta, a daina takawa, a ga ma'aikacin lafiya cikin awa 24, ko da ciwon bai fi ƙwayar gero ba. Rashin zafi ba shaida ba ce ta sauƙi. Kada a zuba toka, makilin, man birki, garin magani, ko a fasa kafso a barbaɗa. Kada a fasa bororo. A tambaya ko ana buƙatar allurar tetanus.

A zagaye iyakar jan da biro, a ɗauki hoto. Idan ja ya tsallake layin, ko aka ji wari, ko mugunya, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi, ko suga ya ƙi sauka ba dalili, ranar za a tafi asibiti, ko da dare ne. A irin wannan hali ne ake jin “daji ne, ba ya son allura”, ko “jifa aka yi masa, ya taka wani abu”. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma makonnin da ake ɓatawa wajen sakiya da tsaga da shafe-shafe su ne sukan raba mutum da ƙafarsa. Tsoron yankewa ne ke hana mutane zuwa, alhali jinkirin ne ke jawo ta. Maganar alwala kuma, fiƙihu ya yarda da shafa a kan ɗauri, an kuma yarda mara lafiya ya yi salla a zaune. A tambayi malami, kada a jiƙa ciwo.

Kayan sauke nauyi

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Ana wanke ciwo ana canja bandeji wata da watanni, mai shi kuma yana zuwa kasuwa a kansa. Kowane taku yana murƙushe sabon naman da ya fara tofowa.

Abin da ya fi inganci ga gyambon tafin ƙafa shi ne simintin asibiti da ake naɗawa daga yatsu zuwa ƙasan gwiwa, a bi siffar ƙafar sosai don nauyi ya bar wurin ciwon ya rarrabu a sauran tafin da ƙwauri. Ana cire shi a duba a sake wani, yawanci duk mako ɗaya ko biyu. Sai ƙwararre ne ke sa shi, kuma ba a sa shi idan ciwon ya harbu sosai ko jini ba ya isa ƙafar. Wanda aka sa wa kada ya jiƙa shi, kada ya zura tsinke don susa. Idan ya ji wari, ko ya ga ruwa ya ɓullo, ko simintin ya yi sako-sako ko ya tsage, ya koma ranar.

Na biyu shi ne dogon takalmi mai tauri da ke kaiwa ƙasan gwiwa, mai maɗaurai, wanda ake iya cirewa. A gwaji yana sauke nauyi kusan daidai da siminti. Matsalarsa ɗaya ce: ana cire shi. Wani bincike a Amurka ya gano cewa masu shi ba su yi ko kashi ɗaya cikin uku na takunsu na yini da shi a ƙafa ba. Mutum yakan sa shi idan zai fita, a gida kuwa ya ce ai daga ɗaki zuwa banɗaki ne, alhali a gidan ne yawancin takun yake. Shi ya sa likitoci kan naɗe shi da bandeji yadda ba zai ciru ba. Dokar ita ce ba taku ko ɗaya babu shi. Tunda ƙasansa na da kauri, a sa shumeka ya ƙara wa takalmin ɗaya ƙafar tsayi don kada ƙugu da baya su ɗauki ciwo.

Inda waɗannan ba su samu ba, akwai gajeren takalmin da ke ɗage gaban ƙafa ko dunduniya, da soso mai kauri da ma'aikacin lafiya ke yankewa ya zagaye ciwon. Ba su kai na farkon ba, amma sun fi babu. Sandunan dogarawa da keken guragu suna taimakawa, sai dai a sa ido a kan lafiyayyar ƙafar, don yanzu ita ke ɗauke da kaya. Wanda ke kwance kuwa, a sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓarsa yadda dunduniya za ta tsaya a iska ba ta taɓa katifa. Ciwon da bai ragu da rabi ba bayan mako 4 ana kula da shi yadda ya kamata, yana buƙatar a sake bincike: jini, ƙashi, ko kuma ana takawa a ɓoye.

Ƙafar da ta kumbura babu ciwo

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ja, ta fi 'yar'uwarta zafi a taɓawa, babu rauni a fili kuma zafin da ake ji kaɗan ne ko babu, a yi zargin abin da likitoci ke kira ƙafar Charcot, sunan wani likitan Faransa. Ƙasusuwan tsakiyar ƙafa ne ke yin laushi suna karyewa, mai ita yana ta tafiya a kai. Idan aka bari, kwarin tafin yakan rufta ya turo waje kamar gindin ƙwarya, daga nan gyambo ba ya ƙarewa. Hoton ƙashi na farko yana iya fitowa lafiya, don haka kada a saki jiki da shi. Wannan ba targaɗe ba ne, kai ta wajen maɗori a ja a murza ƙara ɓarna ne. A daina takawa nan take. Maganinta siminti ne na watanni, wani lokaci har ya kusa shekara, sai zafi da kumburin sun lafa. Bayan nan wasu sukan koma takalmin da aka ƙera musu, wasu kuma a yi musu wani rufaffen takalmi mai ɓari biyu, gaba da baya, da ke riƙe ƙafa da ƙwauri gaba ɗaya.

Abin riƙe idon sawu

Wani lokaci jijiyar da ke ɗaga gaban ƙafa takan mutu, yatsu su riƙa jan ƙasa, mutum yana tuntuɓe ko yana ɗaga gwiwa sama kafin ya taka. Ana yi wa irin wannan wata roba mai tauri da ke bin bayan sha-raɓa ta lanƙwaso ƙarƙashin tafi, ma'aikata na kiranta AFO. Ga wanda ba ya ji, wadda aka auna aka ƙera da siffar ƙafarsa ce ta dace. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da sashen ƙera irin waɗannan kaya da ƙafafun roba, sashen gashin ƙashi na asibitocin koyarwa kuma yana iya tura mutum inda ya dace.

Yadda ake fara ta: a sa doguwar safa da ta wuce bakin robar, babu tattara. A zaunar da dunduniya har ƙasa, a ɗaure ba matsi, sannan a sa takalmi mai igiya, wanda sau da yawa sai ya ɗara wanda aka saba sawa girma. Ba a taka ta babu takalmi, santsi gare ta. Ranar farko awa ɗaya, a cire a duba idon sawu ciki da waje, dunduniya, gefen ƙaramin yatsa, da inda bakinta ya tsaya a ƙasan gwiwa. Jan da ya baje cikin minti 20 ba komai. Wanda ya wuce haka, a ajiye ta a koma wa wanda ya ƙera. Kada a yanke ta da wuƙa, kada a gasa ta a wuta don ta buɗe, kada a cusa tsumma. A goge ta da ruwa da sabulu, ta bushe a inuwa. Idan jiki ya ƙaru ko ya ragu, ko kumburi ya sauya, a sake aunawa.

A yi hattara da na gwanjo da na aro, domin an ƙera su ne da ƙafar wani. Haka safar roba mai matse ƙafa da ake sayarwa don kumburi, da robobin gwiwa da na idon sawu. Ga wanda hanyoyin jininsa suka ƙanƙance, matsin zai iya tsayar da ɗan jinin da ya rage. Ba a sa su sai an auna ƙarfin jinin idon sawu an gwada da na hannu, likita ya ce babu laifi. Kumburin ƙafafu biyu kuma yana iya zama daga ƙoda ko zuciya, safa ba za ta gyara wannan ba.

Bayan an warke

Fatar da ta rufe gyambo siririya ce, watannin farko ne suka fi haɗari. Kada a koma tsohon takalmin da ya jawo ciwon. A nemi shimfiɗar cikin takalmi da aka ƙera daidai da tafin, a sa ta a gida da waje, a ƙara tafiya kaɗan-kaɗan ana dubawa duk dare. Shimfiɗar tana lotsewa, a riƙa kai ta ana gani.

Suga shi ne tushen, sai a ci gaba da magani ko da an ji garau. Ga yawancin manya ana son awon safe kafin cin abinci ya tsaya tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mg/dL, gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin suga na wata uku kuma kusa da kashi 7, sai dai likita ya sa wa mutum nasa mizanin. A kula da hawan jini da kitsen jini. Taba sigari tana ƙara toshe hanyoyin da dama sun ƙanƙance, barinta wajibi ne. Wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin ya nemi a duba masa bitamin B12, don ƙarancinsa ma yana kashe jin ƙafa.

Ranar zuwa asibiti a tafi da takalmin da ake sawa kullum, ba na fita kunya ba, tare da shimfiɗarsa da duk wani abin tallafi da ake amfani da shi. Layi na da tsawo, likita na sauri, sau da yawa awon suga kawai za a duba a rubuta magani. Da an shiga a zauna a cire takalmi da safa tun kafin a tambaya, a ce, “Likita, a duba min ƙafata.”